Abokin mahaifinka yana nan da rai, ka je ka gaishe shi

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Bana shekara uku ke nan da muka kai Baba makwancinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka ƙabarinsa, tare da iyayenku da suka riga mu gidan gaskiya.

Malam Soja ake ce masa a unguwa, don duka biyun ya yi. Yana saurayi yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yulin 1967, ya tafi Zariya aka ɗauke shi kurtu. Horon gaggawa aka yi musu, aka tura su runduna ta ɗaya, ta Muhammadu Shuwa, wadda ta bi ta Nsukka ta shiga Inugu. Yana bakin daga har aka ajiye makamai ranar 15 ga Janairu 1970. Da aka buɗe shirin UPE, na ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976, ana neman malaman firamare ruwa a jallo, sai ya tuɓe kaki ya ɗauki alli. Ya koma makarantar horon malamai da gemunsa, ya zauna benci ɗaya da sa'o'in ƙannensa.

Ba ya ba da labarin yaƙi. Muna yara na taɓa tambayarsa mutum nawa ya harbe, sai fuskarsa ta canza, ya ɗauki buta ya fita. Sai da na girma ya karanta mini hadisin da ke cikin Buhari da Muslim, cewa jini ne farkon abin da za a yi shari'a a kansa tsakanin mutane ranar alƙiyama. Daga nan na gane kukan da muke jiyowa a ɗakinsa kafin asuba. In samari suka zauna a majalisa suna cika baki, a gwabza kawai kowa ya huta, tashi yake yi ya bar musu tabarmar. Yau in na ga masu hura wutar ƙabilanci a Facebook, waɗanda ko ƙarar bindiga ba su taɓa ji ba, shi nake tunawa. A ajinsa akwai 'ya'yan Ibo da iyayensu suka dawo Arewa bayan yaƙi, kuma ban taɓa jin wanda ya ce Malam ya bambanta shi da ɗan gari ba.

Amma abin da ya sa na yi wannan rubutu laifina ne.

Baba yana da aboki, tsohon soja, wanda suka kwana rami ɗaya a daga. Yana ɗingishi, harsashi ya same shi a ƙafa. Duk Juma'a in an sauko masallaci zai biyo, su zauna a zaure da rediyo, wani lokaci har la'asar ba su yi magana goma ba. Ranar rasuwa yana cikin masu ɗaukar makara, da ɗingishin nasa. Ya yi zaman makoki na kwana uku tare da mu. Daga nan muka raba gado, kowa ya kama gabansa. Ni kuma duk shekara sai in sa hoton Baba, mutane su yi ta rubuta Allah Ya jiƙan rai, in ji kamar na sauke nauyi.

Watannin baya a wajen karatu malam ya kawo ƙissar Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, kamar yadda Muslim ya ruwaito. A hanyar Makka ya haɗu da wani baƙauye, ya ɗora shi a kan jakin da yake hawa, ya cire rawaninsa ya ba shi. Abokan tafiya suka ce ai mutanen ƙauye ɗan abu kaɗan ya ishe su. Ya ce mahaifin mutumin nan masoyin Umar ne, kuma ya ji Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana cewa mafi girman biyayya shi ne ɗa ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa. Ku lura, ɗan abokin ne ma aka yi wa wannan karamci. Ni abokin da kansa na bari, a gari ɗaya.

Washegari na je. Idanunsa sun yi rauni, bai gane ni ba sai da na yi sallama, ya ce muryar ta Malam ce. Rufin ɗakinsa na yoyo, an tara robobi a ƙasa. Cikin hira ya faɗa mini abin da ko mahaifiyarmu ba ta sani ba: tun da fanshonsa ya fara wasa, duk ƙarshen wata Baba yana sa masa wani abu a aljihu in za su rabu, daga ɗan albashin malamin firamare. Ranar da Baba ya rasu abin ya tsaya. Shekara uku bai aiko ba, bai yi ƙorafi ba. Wallahi na kasa haɗa ido da shi.

Ɗan uwa, 'yar uwa, in mahaifinku ya rasu, ku zauna da mahaifiyarku ko baffanku su lissafo muku aminansa. Wane ne ke zuwa zaure? Wa yake aika wa hatsi da kaka? Ku bincika bashi, domin Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har a biya, kuma tsofaffin nan kunya ba za ta bari su zo su tambaya ba. Addu'ar da Allah Ya koya mana a Suratul Isra'i, aya ta 24, ku riƙe ta bayan kowace salla. Wanda nasa ke raye kuwa, ya tashi ya je yau, ya tambaye shi sunayen da bakinsa.

Jibi Asabar zan koma da kafinta mu duba rufin. Ku sa tsohon a addu'a, shi da Baba.

Rabbirhamhuma kama rabbayani sagira.