Lafiyar Shagon Alhaji Ƙalau

Ɗan Boko ya yi sallama a ƙofar shagon Alhaji da ke kasuwar Singa a Kano, da jaka a kafaɗa da takardu a hannu, ya shaƙe wuyansa da taye a tsakiyar zafin bazara. Ya tarar da Alhaji a kishingiɗe kan buhunan sukari yana jan carbi, Yaron Shago kuma yana kakkaɓe ƙura.

ƊAN BOKO: Ranka ya daɗe, daga banki aka turo ni kan takardar neman ƙarin jari da ka aika, domin ƙa'idarmu ita ce kafin a ba da ko sisi sai an zo an duba lafiyar kasuwancin, an kuma duba shirin mai shi.

ALHAJI: Lafiyar wa za a duba? Samari, ɗaga kanka ka dubi kayan nan da suka tokare rufi, sannan ka sauko da idonka ka dubi wuyana, ka gaya mini wane ne a cikinmu ya yi maka kama da majinyaci. Tun kafin a yaye ka nake zaune a wannan layi, kuma ban taɓa jin shago ya yi tari ba.

ƊAN BOKO: Allah ya ƙara lafiya. Tambayoyi ne kaɗan, kuma ta farko ita ce, nawa ka ci riba a watan jiya?

ALHAJI: Alhamdu lillahi.

ƊAN BOKO: Madalla, sai dai gurbin da aka bari a takardar na lamba ne.

ALHAJI: To, rubuta alhamdu lillahi sau biyu, domin watan jiya ya fi wanda ya gabace shi. A ranar Asabar kaɗai sai da babban yatsana ya yi kanta saboda ƙirga kuɗi, ka tambayi duk mutanen layin nan su ba ka labari.

ƊAN BOKO: Wannan ai ciniki ne, ranka ya daɗe. Riba ita ce abin da ya rage bayan an fitar da kuɗin sarin kaya, da hayar shago da ta sito, da ladan 'yan dako, da man janareta, da haƙƙin wannan yaro da ke yi maka aiki.

YARON SHAGO: Yallaɓai, wannan na ƙarshen ba sai ka wahalar da kanka wajen cire shi ba, domin ba ya fita.

ALHAJI: Kai, wa ya sa bakinka a maganar manya?

ƊAN BOKO: Bari mu sauƙaƙa. A ba ni littafin da ake rubuta shige da fice in duba da kaina.

Alhaji ya ture hularsa baya, ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa sau uku, ya tsaya yana murmushi yana jiran a yaba masa.

ALHAJI: Ga littafin nan. Ba ya jiƙewa da ruwa, gara ba ta cin sa, ɓarawo ba ya ɗauke shi, kuma jami'in haraji ba ya iya karanta shi, wanda wannan kaɗai ya isa a sara masa. Duk wanda nake bi bashi daga nan har Maraɗi yana ciki da sunansa da sunan ubansa.

YARON SHAGO: Shekaranjiya littafin ya manta inda ya ajiye makullin sito, sai da aka kira mai walda.

ƊAN BOKO: Ranka ya daɗe, ko ba don banki ba, ai ayar da ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ne da a rubuta bashi idan an ƙulla shi zuwa wani ajali.

ALHAJI: Ka ji ɗan boko zai yi mini tafsiri da taye a wuya! Ni da nake zama a sahun gaba duk watan azumi? Ayar ta ce zuwa ajali ambatacce, ni kuwa masu cin bashina babu wanda ya taɓa ambata mini ranar biya, don haka ka nemi wata ayar.

A nan wayar Alhaji ta yi ƙara. Hajiya ce, kuma duk wanda ke layin ya ji buƙatunta ba tare da ya kasa kunne ba: kuɗin cefane, da gudummawar bikin 'yar ƙawarta, da ankon bikin, da kuɗin ɗinkin ankon. Alhaji ya jawo durowar shago, ya damƙo abin da hannunsa ya iya damƙowa, ya miƙa wa wani almajiri ya kai gida. Ba a ƙirga ba, kuma ba a taɓa ƙirgawa ba.

ƊAN BOKO: Wannan da ya fita yanzu, kuɗin shago ne ko kuɗin gida?

ALHAJI: Kuɗina ne. Shagon nawa ne, gidan nawa ne, matar tawa ce, almajirin ma ni nake ba shi sadaka. Amma kada ka ɗauka ba ni da tsari, domin aljihun dama na shago ne, na hagu kuma na iyali.

YARON SHAGO: Babbar rigar aljihu ɗaya gare ta, yallaɓai, ta ciki ya zarce.

ƊAN BOKO: Abin da muke ba da shawara shi ne mai kasuwanci ya yanka wa kansa albashi a wata, ya tsaya a kansa, domin a san abin da shago ke ci da abin da gida ke ci.

ALHAJI: In biya kaina albashi? To, idan na yi latti wa zai yanke mini? Idan na nemi ƙari a wurin wa zan durƙusa? Idan kuma na ƙi biyan kaina, in shiga yajin aiki ke nan, in zauna a ƙofar shagona da kwali a hannu ina zagin kaina? Ku 'yan boko duk inda kuka ga mutum yana zaman kansa sai kun nemi hanyar mayar da shi ma'aikaci.

Ɗan Boko ya sassauta tayen, ya ɗauko katan ɗaya na taliya ya ajiye a tsakaninsu, domin ya lura cewa da takarda ba za a je ko'ina ba.

ƊAN BOKO: A ce ka saro katan 100 a kan naira 10,000 kowanne, ka sayar a kan 11,000. Za ka ce ka ci ribar naira 100,000.

ALHAJI: Yanzu ka fara magana irin ta masu hankali.

ƊAN BOKO: Sai ka koma sari ka tarar katan ya koma 12,500. Duk kuɗin da ke hannunka, uwa da riba, katan 88 kawai za su sayo. Kuɗi sun ƙaru a aljihu, amma katan 12 sun ɓace daga sito. Wannan ciwo ne ya kwantar da 'yan kasuwa da yawa tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, har hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, suna ganin ciniki suna murna alhali jari yana zagwanyewa.

ALHAJI: Katan 12 sun ɓace daga sitona? Kai yaro, rufe ƙofar nan! Ina katan 12 na taliya? Dama tun watan Sha'aban na lura kumatunka sun ciko.

ƊAN BOKO: Misali ne nake bayarwa, ranka ya daɗe, babu wanda ya ɗauki komai.

ALHAJI: Misali ko ba misali ba, a cikin haƙƙinsa zan cire.

YARON SHAGO: Allah ya kai mu ranar da za a ga haƙƙin, a cire.

Aka shiga sito. Can ƙurya Ɗan Boko ya ga katan-katan na madara sun yi kwantai har gizo-gizo ya yi musu rumfa, ya duba gindin gwangwani ya ga wa'adinta ya wuce tun bara.

ƊAN BOKO: Wannan ba za a lissafa ta cikin jari ba, kuma idan jami'an NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, suka gan ta, ba kwashe ta kaɗai za su yi ba.

ALHAJI: Madarar ba ta san kwanan wata ba, Bature ne ya rubuta mata. Ajiye ta na yi ina jiran ta yi tsada, kuma ga shi ta yi tsadar, saura mai saye.

ƊAN BOKO: To, bashin da kake bin mutane fa, wanne ne mafi girma?

ALHAJI: Na wani ɗan takara ne, mutumin kirki. Ya ɗebi shinkafa da taliya a zaɓen 2019 ya faɗi. A 2023 ya dawo ya ce in ƙara masa domin ya ci ya biya na baya, na ƙara masa, ya sake faɗuwa. Yanzu kuwa ya canza jam'iyya, don haka ka rubuta kuɗin a matsayin suna hannu. Sauran kuma surukai ne, su ba a ce musu bashi, sai dai a ce kaya suna wajensu.

Ɗan Boko ya yi shiru yana rubutu mai tsawo, sannan ya juya shafi ya shiga karanto abin da banki ke buƙata: shaidar rajista da CAC, hukumar yi wa kamfanoni da sana'o'i rajista, da lambar biyan haraji, da BVN, da NIN, da bayanan asusun banki na watannin baya, da mutum biyu da za su tsaya masa, da takardar mallakar gida ko fili a matsayin jingina.

ALHAJI: Tsaya, samari. Mutumin da ke da gida mai takardar mallaka, da asusu cike da kuɗi, da manyan mutane biyu da za su tsaya masa, me zai zo nema a wurinku? Ku kuna ba da rance ne ga wanda ya tabbatar muku ba ya buƙatarsa. Takardu kuwa ina da su.

Ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin benci ya zazzage. Rasit ne zalla: na ƙaramar hukuma, da na jiha, da na shara, da na allon suna, da na masu gadi, da na ƙungiya, da na wata ƙungiyar da ta ɓalle daga ƙungiyar. A wannan gaɓa dai, a faɗi gaskiya, Alhaji ne da gaskiya, domin duk mai rataye da jaka ya san hanyar shagon ƙaramin ɗan kasuwa ranar karɓa, ranar da kwata ta toshe ko wuta ta kwana uku ba ta zo ba kuwa sai a nemi mai jakar a rasa. Ɗan Boko bai ce uffan ba, ya wuce zuwa shafi na ƙarshe.

ƊAN BOKO: Saura kai kanka, ranka ya daɗe. Yaushe rabonka da awon jini ko na suga?

ALHAJI: Ba na zuwa. Duk wanda na sani da ya je awo da ƙafarsa, da ciwo ya dawo. Aminina lafiyarsa ƙalau ya shiga asibiti gaida mara lafiya, aka ɗaura masa wannan abin a dantse, yau shekara nawa ke nan an raba shi da gishiri da kilishi.

ƊAN BOKO: Idan Allah ya kawo rashin lafiya ka kwanta wata guda, wa ya san farashin sari, wa ya san masu ba ka kaya, wa zai sa hannu a banki?

ALHAJI: Ba zan kwanta ba.

ƊAN BOKO: A ce dai ka kwanta.

ALHAJI: Ka ce a bakinka, ni ban ce ba. Ɗana na fari ya nemi in nuna masa farashin sari na ƙi, domin yaron da ya san farashin sari ya daina gaida ubansa da safe.

ƊAN BOKO: Gobara fa? Ka san abin da wuta ta yi wa kasuwar Sabon Gari a 2016. Akwai takaful, inshorar da aka tsara bisa shari'a, wadda ake tara gudummawa a tallafa wa wanda asara ta faɗa wa.

ALHAJI: Akwai laya a saman ƙofa, kuma ita sau ɗaya aka biya.

ƊAN BOKO: To, zakka fa? Ɗaya bisa arba'in ake fitarwa daga dukiyar kasuwanci, kuma ban san yadda ake raba abin da ba a ƙirga ba gida arba'in.

ALHAJI: Da ido nake fitarwa. Ina tsayawa a bakin sito in dubi gabas in dubi yamma, abin da zuciyata ta faɗa shi ke nan, kuma zuciyata ba ta taɓa faɗin abin da ya yi mini yawa ba.

Ɗan Boko ya rufe jaka zai tashi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tebur a bakin ƙofa, da na'urar POS a kai, da littafi mai layi-layi, da takarda a cikin leda an manna a bango.

ƊAN BOKO: Wannan fa na wane ne?

YARON SHAGO: Nawa ne, yallaɓai. Da aka ce a 2024 duk mai POS ya yi rajista da CAC sai na yi. Ga littafin, kowace rana da shafinta, abin da ya shigo da abin da ya fita da abin da na ci. Asusun sana'a daban, nawa daban, kuma ƙanena ya iya aikin idan ba na nan.

ƊAN BOKO: Ikon Allah! Akwai wanda kake bi bashi?

YARON SHAGO: Mutum ɗaya ne, amma ya cinye shafi tara, kuma ba zan faɗi sunansa ba tunda yana zaune a kan sukari.

ƊAN BOKO: Ranka ya daɗe, gaskiyar magana ita ce a cikin shagon nan kasuwanci ɗaya ne ya shirya karɓar jari, kuma shi ne wannan na bakin ƙofa.

ALHAJI: Ai na gaya maka tun farko lafiyarmu ƙalau, ka tsaya gardama! Wannan reshena ne. Ƙofar tawa ce, inuwar tawa ce, hankalin da yake taƙama da shi ma a wurina ya tsinta. Ka rubuta sunansa a takardar, kuɗin kuma a kawo mini in ajiye masa, domin yaro bai san riƙon dukiya ba. Kai, ba ni naira 2,000 a cikin na'urar nan a sayo wa baƙo lemo, kuma kada ka kuskura ka rubuta.

YARON SHAGO: Tun da na ga baƙon ya fara gumi na rubuta, Alhaji, shafi na goma ke nan.