Mintuna ake nema, ba ado ba

Jiya da daddare a majalisa wani bawan Allah ya ce wai kumbo mai mayafi, wato wanda hasken rana ke turawa a sararin samaniya, wasan yara ne, masu kuɗi ne suka rasa inda za su kai dukiyarsu. Raina ya ɓaci, har yanzu ban huce ba.

Malam, maganar mintuna ake yi. Idan rana ta yi aman wuta ya nufo mu, kumbunan da ke gadinmu, irin su ACE, suna can nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya. Sai guguwar ta taɓa su ake sanin ƙarfinta na gaskiya. Daga nan saura minti 15 zuwa awa guda ta iso. A ɗan wannan tsakani ake so masu tashoshin lantarki su rage lodi, masu taurarin ɗan'adam su kintsa. Ya isa? Wallahi bai isa ba.

Ka ce a matsar da kumbon kusa da rana mana. To, idan ya wuce wurin nan zamewa zai yi daga saitinmu, sai an yi ta ƙona mai, mai kuwa ƙarewa yake yi. A nan mayafin yake aiki: shimfiɗa ce mai sheƙi wadda ta fi ledar burodi siranta, hasken rana da kansa yake tura ta. Turin da hasken ke yi wa mayafin NASA da aka harba a 2024, mai murabba'in mita 80, bai kai nauyin ƙwayar gyaɗa a tafin hannu ba, amma ba ya yankewa dare da rana. Da irin wannan turi kumbo zai iya tsayawa gaba, ya ƙara mana mintuna.

Wai ba a gwada ba? Japan ta harba nata kumbo mai mayafi, IKAROS, tun 2010, ya wuce ta kusa da Zahra. Wai tsada? Tambayi mutanen Kwebek ta ƙasar Kanada, da guguwar Maris 1989 ta jefa miliyan shida cikin duhu na awa tara. A Fabrairun 2022 kuma taurarin Starlink 38 suka salwanta. Shi ya sa jingine Solar Cruiser, shirin NASA na kumbo mai mayafi, a 2022 ya yi min ciwo ƙwarai.

Af, na manta ban gaya masa ba: a guguwar 1859 har Kyuba an ga sama ta yi ja, masu aikin wayar tangaraho kuma wuta ta riƙa jan su a hannu.