Garin da Inna Ta Iya Fita Ita Kaɗai

Shekara shida na yi a Houston, a jihar Texas ta Amurka, kafin aiki ya kawo ni Utrecht a ƙasar Holand, inda nake zaune yanzu. Mahaifiyata ta ziyarce ni a duka garuruwan biyu, wata uku-uku. Da ƙafarta da sandarta na koyi abin da ban koya ba a duk shekarun da na yi ina tuƙi.

A Houston, mako na biyu da zuwanta, na dawo daga aiki na tarar da ita tsaye a bakin taga. Ta ce, "Wai ni kam garin nan ba mutane ne? Tun safe nake leƙe, ban ga ɗan Adam ko ɗaya yana tafiya ba." Gari ne mai mutum sama da miliyan 2, amma gaskiyarta. Kowa daga cikin gida yake faɗawa mota, daga mota ya faɗa ofis. Ta taɓa gwada fita sau ɗaya, zuwa wani kanti da bai kai kilomita guda daga gidanmu ba. Hanyar ƙafa ta raka ta ɗan nesa kaɗan, sai ta yanke a gaban wani fili, ba bayani. Bayan nan ga titi mai layi shida, danjar masu tsallakawa tana canzawa tun tsohuwa ba ta kai tsakiya ba. In an tsallake kuma, sai filin ajiye motoci wanda ya fi kantin kansa girma, kwalta tsagwaronta, ko itace ɗaya babu. Ta juyo gida. Daga ranar ba ta ƙara taka ƙofa ba sai in na ɗauke ta a mota. Matar da ta saba da ziyara da gaishe-gaishe ta koma mai jiran in taso daga aiki. Lafiyarta ƙalau, garin ne ya kulle ta.

Ba mugunta ce ta sa aka gina shi haka ba, lissafi ne aka fara shi daga mota. Dokokin gini a mafi yawan biranen Amurka sun daɗe suna tilasta wa duk mai gina kanti ko gidan haya ya tanadi wuraren ajiye motoci adadi kaza. Kowane gini sai ya ja baya ya ba motoci fili. Gine-gine suka nisanci juna, tafiyar ƙafa ta yi tsawo, wanda da zai taka ya sayi mota, motoci suka ƙaru, aka ce titi ya yi kaɗan. A Houston akwai babbar hanyar da ake kira Katy Freeway. An faɗaɗa ta, aka gama a 2008 da kuɗi kusan dala biliyan 2.8, har a wani wurin layukanta sun kai 26 in an haɗa da hanyoyin gefe. 'Yan shekaru kaɗan bayan haka cunkoso ya dawo. An gudu ba a tsira ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: duk sa'ad da aka buɗe sabon layi, wanda yake bin wata hanya, da wanda yake fita a wani lokaci, da wanda zai sayi gida can bayan gari, duk sai su kwararo su cika shi. Na sha zama a cikin wannan gosulon, ina kallon motoci iya ganina, kusan kowace da mutum ɗaya a ciki. Kuma abin bai tsaya ga ɓata lokaci ba. A 2022 kaɗai, masu tafiya a ƙasa sama da 7,000 motoci suka kashe a Amurka.

Da na zo Utrecht na ɗauka haka Allah ya halicci mutanen Holand da son keke da tafiyar ƙafa. Ashe ba haka ba ne. Su ma sun bi waccan hanyar har sun yi nisa. A tsakiyar garin nan akwai tsohuwar hanyar ruwa da ta kewaye birni tun ɗaruruwan shekaru. A shekarun 1970 aka cike wani ɓangarenta aka shimfiɗa wa motoci babban titi. A 1971 mutum fiye da 3,000 suka mutu a haɗarin hanya a ƙasar, sama da 400 daga cikinsu yara ne. Iyaye suka fito kan tituna da wata fafutika mai suna Stop de Kindermoord, wato a daina kashe yara. Sai ga rikicin man fetur na 1973, gwamnati ta hana tuƙa mota ranar Lahadi na ɗan wani lokaci, mutane suka ga yadda garinsu yake in babu ƙarar inji. Daga nan aka fara juya akala. A 1976 aka shigar da tsarin lungun zama cikin doka, inda mota baƙuwa ce, dole ta bi a hankali kamar mai tafiya da ƙafa. A 1977 birnin Groningen ya raba tsakiyarsa gida huɗu, ya hana mota ratsawa daga wani yanki zuwa wani sai ta zagaya ta waje. Shi kuwa wancan titin na Utrecht, an fasa shi, an sake haƙa hanyar ruwan, aka kammala a 2020. Yanzu ruwa ne da itatuwa da ƙananan jirage a wurin, yara suna zaune a gaɓa. Kusan shekara hamsin suka ɗauka suna gyara kuskuren da suka tafka cikin 'yan shekaru.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gyaran yawancinsa ƙananan abubuwa ne da ba a ɗaukar su hoto. A bakin lungunmu, hanyar ƙafa ba ta yankewa don mota ta wuce. Ita take ci gaba a tsayinta, motar ce take hawa kanta a hankali ta sauka, kamar mai shiga gidan mutane. Kusurwar titi a matse take, direba ba ya iya shan kwana da gudu. Inda titi ya yi faɗi, akwai ɗan tsibiri a tsakiya da tsoho zai tsaya ya numfasa. Ƙofofin gidaje da kantuna suna kallon titi kai tsaye, ba katanga doguwa ba, shi ya sa ko da dare mutum ba ya jin shi kaɗai ne. Sannan ga benci. Ban taɓa sanin darajar benci ba sai da na yi tafiya da mai ciwon gwiwa. Ga wanda ba ya iya wuce mita 200 bai huta ba, gari yana ƙarewa ne a inda bencin ƙarshe yake.

Na san abin da za a ce mini, don abokaina na Houston sun sha faɗa: ai Holand sanyi gare ta, wa zai yi tafiya a ranar Texas? Zafin gaskiya ne, na ɗanɗana shi. Houston ma ta amsa shi da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa masu na'urar sanyaya wuri a tsakiyar gari, wajen kilomita 10, waɗanda suka kwashe mutane daga kan titi suka bar shi fayau. Amma garuruwa masu zafi sun san maganin rana tun kafin a ƙirƙiro lantarki. Tsohon birnin Fas a Maroko lunguna ne matsattsu, ginin wannan gefe yana yi wa wancan inuwa, mota ba ta shiga. A Sebiya ta ƙasar Sifaniya, in bazara ta kama, sai a ɗaura manyan rumfunan yadi daga bene zuwa bene a kan titunan kasuwa. Bolonya a Italiya tana da barandu masu rufi da tsawonsu ya kai kusan kilomita 62, mutum ya ratsa gari rana ba ta taɓa shi ba, ruwa bai jiƙa shi ba. Singafo, wadda take dab da layin da ya raba duniya biyu, tun tsarinta na 1822 aka wajabta rufaffiyar hanyar ƙafa a gaban gine-gine. Titi mai faɗi da filin kwalta ba sa maganin zafi, su ne suke tara shi su amayar da shi da daddare. Wanda yake zaune a gari mai rana ya fi kowa buƙatar lungu mai inuwa da itace a bakin hanya.

Ba ina cewa Utrecht aljanna ba ce. Gida yana da wuyar samu ƙwarai, wanda nake ciki bai kai rabin na Houston ba, kuma unguwannin da suka fi daɗin tafiya su ne masu ƙaramin ƙarfi suke kasa zama a cikinsu. Wannan babban aibi ne, domin gari mai kyau da ya kori talakansa zuwa bayan gari ya ci amanar su. Masu keke ma sukan firgita tsoho in suna sauri. Houston kuma ba a zaune take ba: dandalin Discovery Green da aka buɗe a 2008, yawancin filinsa wurin ajiye motoci ne a da, yanzu da yamma cike yake da iyalai. Mutanen can ma suna son zama a waje, in an ba su wurin.

Abin da yake damuna shi ne yadda da yawa daga cikinmu, har ni a da, muke auna ci gaban gari da gadar sama da faɗin titi. Mu ga hoton hanya mai layi goma da fitilu da daddare mu ce ma sha Allah, gari ya haɗu. Hoton daga sama aka ɗauke shi, ba wanda yake rayuwa a can saman. Birnin Seoul na Koriya ta Kudu ya rushe gadar samansa ta tsakiyar gari tsakanin 2003 da 2005 ya fito da rafin Cheonggyecheon da aka binne a ƙarƙashinta. Waɗanda suka riga kowa gina irin waɗannan hanyoyi suna kashe kuɗi suna cire su, wasu kuma yanzu suke cin bashi don su gina. A kowane gari na duniya akwai yaro da bai kai tuƙi ba, da tsoho da ya wuce tuƙi, da makaho, da mai keken guragu, da wanda ba shi da halin sayen mota. In aka haɗa su, jama'a ce mai yawan gaske. Garin da aka tsara don mai mota kaɗai ya ce musu su zauna a gida ke nan.

Zuwan Inna Utrecht, kwana uku na yi ina raka ta. Rana ta huɗu na dawo ban same ta ba, hankalina ya tashi. Na bi bakin ruwa ina dubawa, sai na hango ta a kan benci ƙarƙashin wata bishiya, sandarta a jingine, kusa da wata tsohuwa 'yar Holand. Ba mai jin yaren wata, amma suna ta nuna wa juna hotunan jikoki a waya. Na ce, "Inna, ai da kin jira ni." Ta ce, "In jira ka ka yi mini me? Na san hanya. Benci uku ne daga gida, in na ga gadar nan sai in karya dama." Ta matsa mini in zauna, muka zauna har fitilu suka kama.