Nasiha Ga Matasan Da Ke Harkar Gini

'Yan'uwana matasa, musamman injiniyoyi da birkiloli da 'yan kwangila, ku ba ni aron kunnuwanku.

A Janairun 2010 girgizar ƙasa mai maki 7.0 ta afka wa Haiti, kuma an ƙiyasta mutum sama da 100,000 ne suka rasu. Ba a yi wata biyu ba wata girgizar ta afka wa Chile da maki 8.8, ƙarfin da ya ninka na Haiti kusan sau 500, amma mamatan ba su kai 600 ba. Wani ɓangaren wannan bambanci ba na mutum ba ne: ta Haiti ta taso kusa da doron ƙasa, dab da Port-au-Prince, babban birnin ƙasar mai cunkoso. Sauran kuwa aikin hannunmu ne. Chile ta ɗanɗana kuɗarta a girgizar ƙasar 1960, ta tsaurara dokar gini, kuma ana bin ta. A Haiti an riƙa ɗora kankare mai nauyi a kan ginshiƙan da rodinsu bai taka kara ya karya ba, siminti kaɗan, yashi jingim.

To kai da kake rage rodi don ka ci riba, ka san abin da kake yi. Mai gida ba ya ganin cikin ginshiƙi, ya ba ka amana ne kawai. A Turkiyya girgizar 2023 ta zo da ƙarfe 4:17 na asuba, mutane na barci, benaye suka zube hawa kan hawa, aka rasa rayuka sama da 50,000. Kada ka ce ƙaddara ce ka share hannu. Ƙaddara gaskiya ce, ha'inci kuma akwai hisabinsa.

Ku kuma duba ƙasar da za ku ɗora tubali a kai. Birnin Mexico yana kan tsohon tafki ne, shi ya sa girgizar 1985, duk da ta taso daga ɗaruruwan kilomita, laushin ƙasar ya ƙara mata ƙarfi.

Aman wutar dutse shi yakan ba da alama, matsalar ita ce taurin kai da jan ƙafar hukuma. A Kolombiya, 1985, dutsen Nevado del Ruiz ya yi aman da bai kai a kira shi babba ba, amma ya narkar da ƙanƙarar kansa, taɓo ya gangaro cikin dare ya binne garin Armero. Kimanin mutum 23,000 suka salwanta, alhali masana sun zana taswirar haɗarin tun kafin nan. A Filifin kuwa, 1991, an saurari masana, aka kwashe dubun-dubatar mutane kafin dutsen Pinatubo ya fashe. Waɗanda suka rasu, da yawansu rufin gida ne ya rufta musu, domin ruwan sama ya jiƙa tokar da ta taru a kai har nauyinta ya fi ƙarfin katakon.