Albashin masu tsara netwok: ku daina kallon lambar sama

Jiya da daddare wani ƙanina a harkar nan ya turo min hoton wani shafin albashi, ya zagaye lamba ɗaya da jan layi, ya rubuta "Yaya ka gani ko? wallahi tsara netwok zan koma, na gaji da jan waya." Na yi dariya, don ni ma na taɓa zagaye irin wannan lambar. Amma abin ya tsaya min a rai har na kasa barci sai da na zo na rubuta wannan.

Lambar ba ƙarya ba ce. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta nuna cewa matsakaicin albashin masu zana tsarin netwok, wato waɗanda ke zama su tsara yadda ofisoshi da ɗakunan sabar kamfani za su haɗu da juna da kuma intanet, ya kai kusan dala dubu 130 a shekara a 2023. Rabinsu na karɓar sama da haka, rabi ƙasa. To amma mutanenmu da sun ga lambar sai su raba ta gida 12, su ga dala dubu goma da ɗari takwas da 'yan kai a wata, shikenan har an fara zaɓen kalar mota.

Ku zo mu yi lissafin tare. Kafin kuɗin su taɓa asusunka an cire kashi 7.65 na fansho da lafiyar tsofaffi, kusan dala dubu goma kenan a shekara. Harajin tarayya in kai gwauro ne zai ci wajen dubu 20. In a Kalifoniya kake jiha ma sai ta yanki nata, kuma mai irin wannan albashin ya shiga layin kashi 9.3, alhali wanda ke Texas ko Florida jiharsa ko sisi ba ta karɓa a kan albashi. Sai inshorar lafiya da ake cirewa duk wata. Abin da ya rage shi za ka ɗauka ka je gaban mai gida, kuma a San Francisco gida mai ɗakin kwana ɗaya, ɗaya tak fa, hayarsa na wajen dala dubu uku a wata. Ba a zo maganar mota ba, ba a zo kuɗin rainon yara ba, wanda a can wani hayar ne na biyu.

Akwai wani abu da duk wanda na gaya wa sai ya ce wasa nake. A 2018 ma'aikatar gidaje ta Amurka ta sa iyali mai mutum huɗu da ke samun dala 117,400 a shekara a yankin San Francisco cikin masu ƙaramin ƙarfi. Masu ƙaramin ƙarfi! To kai da kake da dubu 130 da mata da yara biyu, tazara nawa ce tsakaninka da wannan layin? Amma ɗauki wannan albashin ka kai shi ƙaramin gari a tsakiyar ƙasar, mutum ne zai sayi gida ya yi ajiya ya yi kyauta. Lamba ɗaya, rayuwa biyu.

Sannan akwai kuɗin da aikin kansa yake ci daga aljihunka wanda babu shafin albashin da zai nuna maka. Ba a wayar gari a zama mai tsara netwok, yawanci sai ka yi shekara biyar zuwa goma kana fama da rauta da suwic da fayawol, wato na'urorin da ke haɗa netwok da tsare shi, kafin a yarda a ba ka farin allo a ce zana mana. Satifiket ɗin CCIE na kamfanin na'urorin netwok Cisco da kowa ke buri, jarrabawarsa ta lab, wato ta gwajin aiki da hannu, awa takwas ce cur, kuɗinta dala 1,600 duk zama ɗaya, ban da jirgi da otal in babu cibiya kusa da kai, kuma da yawa ba sa ci a karon farko. Ka samu kuma ba ka huta ba, bayan shekara uku sai ka sabunta. Yanzu ma an ƙara mana kaya, sai ka san AWS ka san Azure, wato sabobin haya na Amazon da Microsoft, sai ka iya Python da Ansible na rubuta umarnin da kwamfuta za ta yi aiki da kanta, in ba haka ba yaro ɗan shekara 25 ya zo ya yi da layin umarni ashirin abin da kake kwana kana yi da hannu. Wani kamfanin ya biya maka, wani ya ce ai kanka kake yi wa.

Lokaci fa? Canji babba ba a yinsa da rana. Na tuna wani dare a wani wurin da na yi aiki, ƙarfe biyu da rabi ina tsugune a ƙasa bayan rak, wato kantar da ake jera na'urori, sanyin esi ya kashe min yatsu, fankokin saba suna ta ƙara kamar jirgi zai tashi, laftof a kan cinya da shuɗiyar wayar konsol ɗin nan da ake jona laftof da na'ura, layin umarni ɗaya na manna ba daidai ba reshen ofis guda ya ɓace daga netwok. Minti arba'in na yi ina gumi a cikin sanyi. Da safe babu wanda ya ce sannu, sai imel da aka turo ana tambayar me ya jawo. Kuma mai albashin wata ba a biyansa obataim, awa 40 ka yi ko 60 duk ɗaya. In ka raba albashin da ainihin awannin da ka ba su sai ka ga lambar ta rame.

Wanda bai san nauyin aikin ba ya tuna ranar 4 ga Oktoban 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke wajen awa shida. Ba wani ɗan kutse ba ne, umarni ne aka tura lokacin gyara ya katse babbar hanyar da ta haɗa cibiyoyinsu, hanyoyin BGP, tsarin da ke nuna wa sauran intanet inda za a same su, suka janye, duniya ta neme su ta rasa. Irin wannan ranar ake biyan mai tsara netwok don kada ta zo.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne maganar biya gwargwadon inda kake zaune. A watan Mayun 2020 Mark Zuckerberg, shugaban Facebook, ya ce ma'aikatansa za su iya aiki daga gida amma duk wanda ya koma gari mai araha za a daidaita masa albashi, Google ma ya bi sahu a 2021. Ni dai har gobe ban gamsu ba. Zanen da na yi ina babban birni da wanda na yi ina ƙauye, rauta ba ta san bambanci ba, in ya faɗi asarar ɗaya ce. Kuma kar a ruɗe ku da cewa tausayin tsadar rayuwarka ake ji, kamfani farashin ma'aikata a kasuwar garin yake biya, wato nawa zai kashe in ya nemi madadinka. Da tsadar rayuwa ake bi da Landan ba za ta tsaya can ƙasa da biranen Amurka a albashin wannan aikin ba, ga shi kuwa haya a Landan ba ta da imani. Sai dai shi na Ingila yana da hutun kwana 28 da doka ta ba shi da asibitin gwamnati, na Amurka kuwa dokar tarayya ba ta tilasta a ba shi hutun ko kwana ɗaya da biya ba. To wa ya fi wani? Ya danganta da ko kana da yara, ko kana da ciwo, ko haya kake.

Ƙanin nawa dai ban hana shi ba, aikin yana da daɗi kuma yana da kuɗi, ƙarya ne in ce babu. Na ce masa duk ranar da aka yi masa tayi ya tambaye su abu huɗu kafin ya yi murna, nawa ke shiga asusu bayan cire-cire, nawa ne hayar gidan da bai wuce minti talatin zuwa ofis ba, sau nawa a wata wayarsa za ta kwana a kunne, kuma wa zai biya jarrabawa. Ya turo min alamar dariya ya ce "Yaya kai dai ka iya kashe wa mutum gwiwa." Da safen nan kuma sai ga saƙonsa yana tambayar wane littafin CCNP, satifiket ɗin Cisco da ke ƙasa da CCIE, zai fara da shi.