Ku daina ɗora wa mushe (malamin makaranta) laifin da ba nasa ba

Bidiyon nan da ɗan'uwanmu mazaunin Faransa ya saka, wanda ake ta turawa a WhatsApp tun jiya, zalunci ne tsagwaronsa. Ya ɗauki ajin ɗiyarsa, madam na durƙusawa gaban kowane yaro tana duba rubutunsa, sannan ya yanke hukunci wai malamanmu ragwaye ne, bulala kaɗai suka iya. Abin da ya fi ƙona mini rai, ƴan Damagaram ɗin da mushe ya kama hannunsu ya koya musu riƙon alli, su ne a ƙasa suna ta rubuta "gaskiya ne".

Ɗan'uwa, koma ka ƙirga yaran da ke cikin bidiyonka. Tun 2017 Faransa ta fara raba ajin CP, wato ajin farko na firamarensu, gida biyu a unguwannin talakawa, don malami ɗaya ya tsaya kan yara kamar 12. Tun 2019 kuma doka ta ce dole yaro ya shiga makaranta yana shekara 3. Kafin ya kai CP ya saba da littafi, ya saba da zama aji. To zo ka leƙa CI, ajin farko na firamarenmu a Nijar, a unguwanninmu ko ƙauyukan Miriya da Magarya. Yara maƙil, huɗu huɗu kan benci, sauran a ƙasa kan buhu, littafi ɗaya yana yawo tsakanin mutum biyar. In mushe ya ce zai durƙusa gaban kowane ɗaya, kafin ya kai layin baya an tashi.

Ba laifin mushe ba ne.

Sai maganar harshe, wadda ita ce uwar matsalar kuma ba ka ko taɓo ta ba. Yaron can ana koyar da shi da harshen da uwarsa ke kiransa cin abinci da shi. Namu yana fitowa gida da Hausa, ko Barbarci, ko Fillanci, ranar farko a tarbe shi da Faransanci. Shi ya sa za ka ji aji gaba ɗaya na rera abin da ke kan allo da murya ɗaya, daɗin ji, amma ka ja yaro guda gefe ka tambaye shi ma'anar abin da ya faɗa, sai ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsu. Malaminmu aiki biyu yake yi lokaci guda: koyar da baƙon harshe, da koyar da lissafi cikin wannan harshen da yaro bai ji ba tukuna. Madam ɗin bidiyonka ba ta taɓa ɗaukar wannan kaya ba. Kuma abin takaici, nan Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko da ke fara karatu da Hausa, tun 1973. Shekara hamsin da ɗoriya muna kiran abin gwaji. A watan Maris na 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa, madalla, amma littattafan fa? Horon malaman fa?

Na san me za a ce. Akwai malamai masu fashin aiki, akwai masu duka. Akwai, ban kuma goyi bayan dukan ɗan kowa ba. Amma kada a ɗauko mutum biyu a shafa wa dubbai baƙin fenti. Malamin kwantaragi da ke jiran kuɗinsa wata ya shige wata, ya ci bashi wajen mai shago, amma da safe ya hau kabu-kabu ya tafi aji, wannan ba rago ba ne. Wallahi ba rago ba ne.

Ajin nasa ma wani lokaci rumfar zana ce. Sai an yi girbi an samu kara ake kafa ta, ruwan farko ya sauko a watse. Ka lissafa watannin da suka rage na karatu. Ba mu manta 2021 ba, gobarar irin waɗannan azuzuwa ta cinye yara kimanin 20 a Yamai cikin Afrilu, sannan aƙalla 25 a Maraɗi cikin Nuwamba. Allah Ya sa masu ceton iyayensu ne. Mutumin da ke tsaye cikin wannan rumfa, ƙura na shiga masa ido, shi kake kwatantawa da mai aji na gilashi?

In kana son taimako, turo littattafai da alluna zuwa lakwal, wato makarantar unguwarku, za a yi maka addu'a.