Ni da injin kama 'yar tsana ranar yawon Sallah

Wallahi da wani ya ce min akwai ranar da ni da gemuna zan tsaya gaban akwatin gilashi ina zufa ina lallashin ƙarfe, da na ce a kai shi a yi mai ruƙiya. To ga shi ya faru, nan cikin Sakkwato, washegarin ƙaramar Sallah.

Daga Mabera munka fito ni da uwargida da ɗiyata 'yar shekara biyar, munka tari keke napep zuwa wani wurin wasan yara. Muna shiga ta hango injin nan da ake cikawa da 'yan tsana, sama ga wani hannun ƙarfe mai yatsu uku kamar ƙafar shaho, ka jefa kwabon wasa ka tuƙa shi da 'yar sanda ka danna botin ya sauko ya cafko. Ta manna hanci jikin gilashi ta nuna wani tedi ja, Baba wancan nike so. Na tambayi yaron wurin, ya ce kwabo guda naira 500. Na ce a raina mi ye wahala a nan, ni da nike kama zakara da hannu guda cikin duhu.

Na farko hannun ya sauko ya riƙe kan tedin tsaf, ya ɗago shi har na fara murmushi ina kallon uwargida, sai kawai ya sake shi kamar wanda ya taɓa tukunya mai zafi. Na biyu haka. Na huɗu ko ɗagawa bai yi ba, shafa mai kai ya yi kamar maraya ya koma sama abinshi.

Sai na ja gefe na buɗe YouTube, don ni ba a kada ni banza. Ashe abin ilimi ne mai zaman kanshi, a Japan ma tun 1985 kamfanin Sega ya fito da nasu mai suna UFO Catcher kuma har yau manya da kwat suna layi. Na haddace karatu: kar ka kama kai, gangar jiki za ka nema yatsa guda ya shiga ƙarƙashin hammata, ka zaɓi wanda ke sama-sama kusa da ramin da kaya ke faɗawa, ka bar wanda anka danne cikin 'yan uwanshi, kuma gilashin gaba yana ruɗin ido sai ka sa wani ya duba maka ta gefe. Babban sirrin kuma, mai injin ne ke saita ƙarfin kamun, a injuna da yawa hannun sai ya riƙe da ƙarfi a ƙasa in ya taso ya yi laushi, ba ya kamun gaskiya sai kuɗin da anka zuba sun kai adadin da anka saita mai. Mai hankali nan zai kama hannun ɗiyarshi ya tahi shan ayis kirim. Ni kuwa sai na ce ai ke nan na kusa.

Na tsai da uwargida a gefe ta zama kwandasta. Malam yi hagu, a'a hagunka ba nawa ba, dawo baya kaɗan, kai ka wuce, muna cikin wanga gardama lokaci ya ƙare hannun ya sauko da kanshi ya damƙi iska. Kafin ka ce mi yara sun kewaye ni kowa da shawararshi, wani ma cewa ya yi Baba ka yi bisimilla kuwa? Wani dattijo da ya kawo jikoki ya matso a hankali ya ce Malam wanga abu bai yi kama da caca ba? Na ce Baba ai motsa hannu ne, ban yarda mun haɗa ido ba.

Kwabo 14 na jefa, naira 7,000 cif, kuɗin da anka ce in riƙe na cefanen gobe. Abin da na samu shi ne tedin ya mirgino har bakin rami, ƙafa guda na lilo. Aljihu kuma wayam. Na ce da yaron wurin don Allah ka tsare min, na fita da gudu cikin ranar nan ta Sakkwato mai narka takalmi neman mai POS, na tarar da layi, netiwok kuma ya tsaya yana min yanga.

Ina dawowa na ji ihu. Wani yaro da bai wuce shekara shida ba, majina har leɓe, alawa a hannu guda, ya jefa kwabo ɗaya ko saiti bai yi ba ya danna, hannun nan da ya wuni yana min ciwon shanyewa ya cafki tedin kamar ɗan dambe ya jefa rami. Kura da shan bugu gardi da amsar kuɗi. Ubanshi har da ɗaga shi sama wai yaron nan akwai basira.

Washegari na shiga kasuwa na sayo tedi ja naira 3,000, ya ma fi wancan girma. Ɗiyata ta juya shi ta duba ta ce ita na cikin gilashi take so. Uwargida kuwa tun ranar ba ta ƙara ce min Malam ba, Injiniya take kirana, har gaban baƙi.